Filin Tambayoyin Masu Karatu: Tseren Motocin PlayStation a Kan Kwamfuta

Wasiƙun da suka taru a wannan karo yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato yadda ake kunna wasannin tseren mota na PlayStation 2 a kwamfuta ta hanyar manhajar kwaikwayo, wadda matasa ke kira emuleta. Na zaɓi huɗu daga ciki, kuma ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, domin sauran a kan amsarta suka dogara.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina zaune a Runjin Sambo. Yayana ya bar mini tsohuwar PS2 da faifan Gran Turismo 4 na asali, amma idon na'urar ya daina karanta faifai. Na kwafe faifan da BIOS ɗin na'urar, wato manhajar cikinta da ke tayar da ita, na sanya emuletar PCSX2 a laftof ɗina ta hannu, mai furosesa Core i5-6200U da RAM gigabait 8. Idan na fara tsere komai yana tafiya daidai, amma bayan kamar minti goma sai motar ta fara jan jiki, ƙarar injin ta yi kauri kamar kaset a rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Wani mai gyara ya ce in ƙara RAM ta kai gigabait 16. Me ka gani kafin in kashe kuɗin?

Amsa: Wa'alaikumussalam, ƙanena. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin gigabait 8 ɗin da kake da su sun kai abin da masu haɗa PCSX2 suke buƙata, kuma ita kanta PS2 da megabait 32 kacal take aiki. Ciwon yana wani wuri dabam, kuma kafin in nuna maka shi sai ka fahimci irin aikin da kwamfutarka take yi a lokacin da kake tuƙi.

PS2 ta fito a Japan a watan Maris na 2000, kuma furosesanta, wanda kamfanin Sony ya raɗa wa suna Emotion Engine, yana gudu ne a kusan megahaz 295. Naka yana kaiwa gigahaz 2.8, wato ya ninka wancan fiye da sau tara, shi ya sa mutane da yawa suke mamakin yadda kwamfutar 2015 za ta kasa ɗaukar wasan 2004. Abin da ke faruwa shi ne, na'urorin biyu ba harshe ɗaya suke ji ba. An rubuta Gran Turismo 4 da umarnin da furosesan PS2 ke ganewa, wanda yake daga dangin MIPS, alhali na laftof ɗinka daga dangin x86 yake. Aikin PCSX2 shi ne ta fassara kowane umarni zuwa harshen kwamfutarka a daidai lokacin da wasan ke gudana. Ka ƙaddara zaman sulhu ne a zauren mai unguwa, ɓangare ɗaya yana magana da Zabarmanci, ɗaya da Hausa, ga tafinta a tsakani. Idan masu magana suka yi sauri tafinta ya kasa bin su, shimfiɗa ƙarin tabarmi a zauren ba zai ƙara wa bakinsa sauri ba. Ƙarin RAM shi ne ƙarin tabarma, furosesa kuwa shi ne tafintan.

Kuma ba mai magana ɗaya tafintan yake bi ba. Bayan babban furosesa, PS2 tana da wasu sassa biyu masu lissafin siffofi, VU0 da VU1, waɗanda ke tsara jikin mota da titi da bishiyoyi, sannan ga sashen zana hoto mai ƙwaƙwalwarsa ta megabait 4 mai tsananin sauri, ga na sauti, kuma dole ne duk su tafi tare ba tare da wani ya riga wani ba. Kamfanin Polyphony Digital, wanda ya yi wasan a ƙarƙashin jagorancin Kazunori Yamauchi, ya tatsi waɗannan sassa har iyakar ƙarfinsu, domin ya fitar da motoci shida a kan titi ɗaya cikin hotuna 60 a kowace daƙiƙa. Saboda haka Gran Turismo 4 yana cikin wasannin PS2 masu nauyi a kan emuleta, kuma furosesanka mai kai biyu kawai, wato sassan lissafi biyu, yana bakin iyakar abin da zai iya.

Kaurin muryar injin da ka ji shi ne babbar shaida. Wasan da aka yi domin kwamfuta tun asali, idan na'ura ta gaza, yakan tsallake wasu hotuna ya ci gaba da tafiya a kan lokaci. Wasan PS2 kuwa agogonsa ɗaure yake da yawan hotunan, don haka idan emuleta ta kasa kammala hoto ɗaya cikin kusan kashi 17 na dubun daƙiƙa, duk duniyar wasan ce ke rage gudu, da motar, da agogon tsere, da sautin. A wasan tsere wannan ya fi ɓarna fiye da kowane irin wasa, domin hannunka ya riga ya haddace inda zai taka birki kafin kwana, kuma idan gudun wasan yana hawa yana sauka, wannan haddar ta rushe.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne minti goman nan. Da a ce furosesan ya gaza ne tun asali, da tun daga fitilar farawa za ka ga jan jikin, musamman da yake a lokacin ne motoci shida ke cunkushe a gabanka. Tafiya daidai da farko sannan a rage daga baya alamar zafi ce. Harafin U da ke ƙarshen sunan furosesanka yana nufin an yi shi ne domin tattalin wuta, a kan wat 15, kuma an ba shi damar ya yi gudu fiye da ƙima na ɗan lokaci sannan ya koma baya. Idan kuma zafinsa ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. To ka haɗa wannan da yanayin garinmu Sakkwato, inda a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana ke wuce digiri 40, ɗakin kwano kuma ya riƙe zafin har bayan isha'i. Fankar laftof da iskar ɗaki take sanyaya furosesa, idan iskar kanta mai zafi ce aikinta ya ragu tun kafin a fara.

Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara yana buɗe laftof irin taka bayan hunturu ya wuce. Da ya ɗaga fankar, sai ga wani abu kamar ƙyallen bargo ruwan toka, kaurinsa ya kai na kwali, ya toshe ƙananan haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita. Ya sa tsinke ya ɗago shi gaba ɗaya bai yage ba, ƙura ce da zaren tufafi suka saƙu. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi kuma ya bushe ya tsattsage kamar bakin fadama a watan Afrilu. Fankar tana juyawa da ƙara, mai ita yana ganin tana aiki, amma iska ba ta da mafita. Ina kyautata zaton abin da ke cikin taka ke nan, kuma share ƙurar tare da sauya man bai kai rabin kuɗin RAM ba.

Kada ka tsaya ga zatona, ka auna da kanka. A cikin saitin PCSX2 akwai wurin da ake kunna bayanan da ke fitowa a kusurwar allo, inda za ka ga gudun wasan a kashi cikin ɗari, da kuma nauyin da ke kan EE (Emotion Engine) da GS (sashen zana hoto) da VU. Ka sanya manhajar HWiNFO, wadda kyauta ce, ta nuna maka zafin furosesa da gudunsa. Ka yi zagaye uku a titi ɗaya kana lura. Idan zafi ya haura digiri 90 kuma gudun furosesa ya sauko a daidai lokacin da motar ta fara jan jiki, magana ta ƙare. Idan EE ne ke manne a kusa da 100 alhali zafi bai yi yawa ba, ƙarfin furosesan ne ya ƙare. Idan kuwa GS ne, to ka ɗora wa sashen hoto kayan da suka fi ƙarfinsa.

A nan ne matasa da yawa suke cutar kansu. PCSX2 tana iya ninka girman hoton asali, ninki biyu ya kai kimanin 720p, ninki uku kimanin 1080p, ninki shida kuma 4K, kuma babu shakka motocin suna yin kyau ƙwarai idan aka ɗaga. Amma katin hoton da ke cikin furosesanka, Intel HD Graphics 520, da furosesan suke raba wat 15 ɗin nan, don haka duk abin da ka ƙara wa ɗaya ka rage wa ɗayan ne. Ka mayar da hoton girmansa na asali, ka tabbata gudu ya zauna a 100 daga farkon tsere zuwa ƙarshe, sannan ka gwada ninki biyu. Idan ya sauka ko da zuwa 90 ne a kwanar da motoci suka taru, ka koma baya. Ni a wurina hoto mai ɗan dishi-dishi da ke tafiya daram ya fi hoto garau da ke tuntuɓe, domin tuƙi ka zo yi.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke taimakawa. Ka jona caja a duk lokacin da za ka yi wasa, domin laftof tana rage ƙarfinta idan tana kan batir, kuma ka sauya tsarin wuta na Windows zuwa mafi ƙarfi. Ka ɗauke ta daga kan katifa ko darduma ka ɗora a kan tebur, ka ɗaga bayanta da wani abu don iska ta shiga ta ƙasa. Ka gwada hanyoyin zana hoto ɗaya bayan ɗaya, Vulkan da Direct3D 11 da Direct3D 12, domin wanda ya dace da wata kwamfuta ba lalle ne ya dace da taka ba. Ka tabbata zaɓin MTVU yana kunne, wanda ke ware aikin VU1 a kan nasa layin, ko da yake amfaninsa ya fi fitowa a furosesa mai kai uku zuwa sama. Sannan ka duba bayan kwalin faifanka. Idan an rubuta PAL, tsarin talabijin ɗin Turai da mu ma muke bi a Nijeriya, hotuna 50 wasan ke nema a daƙiƙa, don haka ganin 50 a kusurwar allo cikakken gudu ne, ba gazawa ba. Na Amurka da Japan, wato NTSC, su ne masu neman 60, kuma sun fi wa ƙaramar kwamfuta nauyi da kashi ɗaya cikin biyar.

Idan ka yi duk wannan gudun bai zauna ba, to na'urar ta yi iya yinta. Ranar da Allah ya hore maka canji, ka nemi furosesa mai kai huɗu zuwa sama, Core i5 na zubi na takwas ko wanda ya biyo baya, ko Ryzen 5, kuma wanda sunansa ya ƙare da H ya fi mai U juriya a irin wannan aiki. Kada sunan i7 ya ruɗe ka a shago, domin i7 mai U na zubi na shida da na bakwai shi ma kai biyu gare shi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon gem a Tudun Wada, na'urorina na PS2 suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin in koma kwamfuta. Wani ya ce mini emuleta haramun ce a doka. Gaskiya ne?

Amsa: Barka kadai, maigida. Maganar tana da rassa biyu, kuma wanda ya gaya maka ya haɗe su ne. Ita manhajar kwaikwayo an gwada ta a kotu tun da daɗewa. Sony ta kai ƙarar kamfanin Connectix a Amurka saboda manhajarsa mai kunna wasannin PlayStation ta farko a kwamfuta, kuma a shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta ce nazarin yadda na'urar ke aiki domin a kwaikwaye ta bai saɓa wa haƙƙin mallaka ba. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bleem! shi ma Sony ba ta iya kayar da shi a kotu ba, har ya fitar da faifan da ke kunna Gran Turismo 2 a na'urar Dreamcast ta Sega, ko da yake kuɗin shari'a sun durƙusar da shi ya rufe a 2001. Amma ba kullum ake kwana a gado ba, domin a watan Maris na 2024 masu manhajar Yuzu, mai kwaikwayon Nintendo Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su kuma rufe aikin.

Reshe na biyu shi ne BIOS da wasannin kansu, waɗanda dukiyar masu su ce. Shi ya sa PCSX2 ba ta zuwa da BIOS, kowa ana so ya kwafo daga na'urarsa, ya kuma kwafi faifan da ya mallaka. Waɗancan hukunce-hukunce na Amurka ne, mu nan dokar da ke kanmu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma kai lamarinka ya bambanta da na ɗalibin da ke sama, tun da kuɗi kake karɓa daga jama'a. Shawarata ita ce ka nemi bayani daga Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ko wani lauya kafin ka zuba jari, kuma kada ka yar da matattun na'urorin da faifan asali da kake da su. Ka kuma sani cewa PCSX2 kyauta ce a shafinta na intanet, duk wanda ya ce ka biya kafin ka sauke ta, ko ya ba ka fayil mai ƙarewa da exe ya ce BIOS ne, to ka guje shi, domin ta irin wannan ƙofa ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Arkilla. Na saya wa ƙanena hannun PS4 don ya riƙa wasan Gran Turismo 4 a kwamfutar gida, amma yana ƙorafin cewa da ya danna totur sai tayoyin baya su yi ta juyawa motar ta wuntsila, wai a da ba haka take ba. Hannun ne jabu?

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa, Allah ya saka miki da wannan zumunci. Ƙanenki yana da gaskiya cewa a da ba haka take ba, amma wannan bai nuna hannun jabu ne ba. Hannun PS2 na asali, DualShock 2, maɓallansa na gaba suna jin nauyin yatsa, ta yadda idan ka danna X a hankali motar za ta ɗauki wuta kaɗan, idan ka danne sosai ta ɗauka duka. Hannun PS4 ba shi da wannan a waɗannan maɓallai, ko dai a kunne ko a kashe, don haka duk lokacin da yaron ya taɓa X kamar ya take totur ne har ƙasa, kuma mota mai ja da tayoyin baya mai ƙarfin doki da yawa ba ta yafe wannan a tsakiyar kwana. Maganin shi ne ya shiga saitin hannu na cikin wasan ya mayar da totur kan R2, birki kuma kan L2, domin waɗannan biyun a hannun PS4 suna da zurfi, suna bin yadda aka matsa su.

Ya kuma fi kyau ya jona hannun da waya maimakon Bluetooth idan ya ga amsar tana jinkiri, kuma idan da talabijin ya haɗa kwamfutar, ya nemi yanayin wasa a saitin talabijin ɗin ya kunna. Lissafin a bayyane yake: motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin fiye da mita 55 a daƙiƙa ɗaya, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yana nufin birkin ya kama bayan mita biyar da rabi daga inda ya nufa. A titin Nürburgring na Jamus da ke cikin wasan, mai tsawon kusan kilomita 21 kuma matsattse, mita biyar sun isa su kai mutum ciyawa. Idan wata rana kika so ki ƙara masa, wasan an gina shi ne da sitiyarin Logitech Driving Force Pro mai juyawa digiri 900, kuma PCSX2 tana iya kwaikwayon sitiyari ta yadda irin su G29 za su yi aiki, sai dai saitin yana buƙatar haƙuri.

Tambaya: Malam, daga Boɗinga nake. Na kwafi faifaina na Gran Turismo 4 a kwamfutar abokina, amma filashina ta ƙi karɓar fayil ɗin alhali akwai wuri a ciki. Sannan ko zan iya kunna Gran Turismo 6 da PCSX2?

Amsa: Ɗan'uwa, filashinka lafiyarta lau. Faifan Gran Turismo 4 mai hawa biyu ne, saboda motoci fiye da 700 da ke ciki, don haka kwafinsa ya haura gigabait 4, tsarin FAT32 da yawancin ƙananan filashi ke zuwa da shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Ka kwashe abin da ke cikinta zuwa wani wuri, ka sake tsara ta a kan exFAT ko NTFS, sannan ka sake kwafa. Idan wuri ya yi maka kaɗan a kwamfuta, kana iya matse fayil ɗin zuwa tsarin CHD, wanda PCSX2 ke karantawa kai tsaye.

Gran Turismo 5 na 2010 da Gran Turismo 6 na 2013 kuwa wasannin PlayStation 3 ne, PCSX2 ba ta da alaƙa da su. Manhajarsu ita ce RPCS3, kuma furosesan PS3, mai suna Cell, ya fi na PS2 wuyar kwaikwayo nesa ba kusa ba, sai kwamfutar tebur mai kai shida zuwa takwas da katin hoto na daban ake shiga wannan fage da ita. Idan kwamfutarka ƙarama ce, ka juya baya maimakon gaba: Gran Turismo 2 na 1999 yana tafiya sumul a DuckStation, emuletar PlayStation ta farko, a kusan kowace laftof, shi kuma Gran Turismo na PSP, ƙaramar na'urar Sony ta hannu, wanda ya fito a 2009, yana gudana a emuletar PPSSPP har a wayar Android, kuma wannan manhaja ba ta buƙatar BIOS ko kaɗan.